Dekin ɗina na yoyo bayan an sa fel, a ɗaye ne ko a ƙara wani a kai?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana harkar gini ku taimaka min da shawara don wallahi abin ya fara fin ƙarfina.

Gidana a Kano yake, plan ɗin bene ne amma ƙasan kawai na samu na gama, aka zuba dekin, wato rufin kankare, shekara uku da suka wuce da niyyar in Allah ya hore a hau sama, to kun san yadda siminti da rodi suka koma, sai na ce bari dai mu shiga a haka. Tsawon dekin ɗin mita 12 ne faɗi mita 10, an ɗan zagaye shi da bulo layi uku, rodin fila-fila kuma duk suna nan a tsaye a waje suna jiran ranar ci gaba. Daminar farko ɗan danshi kawai muka gani a kusurwar falo, ta biyu ya ƙaru har fenti ya fara tashi, shi ne bana na ce ba zan yi sake ba, a watan Mayu na nemo mai sa fel, shimfiɗar kwaltar nan da ake mannawa da wuta don hana yoyo. Ya zo ya duba ya ce aikin kwana biyu ne, ya rubuta min fel nadi 12 da tukunyar gas da kwalta, na bada kuɗi ya je da kansa ya sayo. Daren da za su fara an yi ruwan farko mai ɗan ƙarfi, da safe na ce masa anya ba a bari ya sha iska ba, ya ce ai Alhaji wutar da za mu sa ita za ta busar da shi, suka share ruwan da tsintsiya suka hau aiki. Ni ban san kan abin ba, na ga dai baƙi ya rufe ko'ina yana sheƙi na cika masa kuɗinsa har da na goro.

Yanzu ga mu a Agusta abin ya fi na bara muni. Ɗakin uwargida ruwa ta wajen ƙugiyar fanka yake ɗigowa, mun sa bokiti a tsakiyar gado mun koma falo da kwana, falon ma POP ɗin ya yi wani rawaya-rawaya gefe ɗaya ya fara sakkowa, ga warin fumfuna ya kama kayan sawa. Na hau saman jiya bayan an ɗauke ruwa, ruwa kwance ya kai idon sawu a tsakiya, fel ɗin kuma ya yi ƙulu-ƙulu wuri-wuri, wani kamar faranti wani ya kai girman tire, in ka taka sai ka ji yana motsi da ruwa a ciki. A jikin bulon gefe kuma bakinsa ya ɗaga har ina zura yatsa.

Na kira mutumin, da farko ya daina ɗauka, da na same shi ta wajen wanda ya haɗa mu sai ya ce wai kankaren ne ba shi da kyau ba aikinsa ba, amma in na kawo kuɗin nadi 6 zai ƙara shimfiɗa wani a kan wuraren da suka kumbura. Wani mai fenti kuma ya ce in bar batun fel, akwai wani fentin roba fari da ake shafawa a kai shikenan an gama. Ni yanzu ban san wa zan bi ba, kuɗin da na riga na kashe ya isa sayen babur ɗan gwanjo. A ƙara a kai ne, ko a shafa fentin, ko a ɗaye gaba ɗaya? Kuma akwai haɗari ga dekin ɗin kansa? Na gode.

Ɗan Birni:

Wa alaikumus salam. Allah ya kyauta Alhaji. Ni dai shawarata kar ka ƙara ko kwabo a kan fel, ka nemo kafinta ya ɗora maka katako ya buga kwano a kai kawai ka huta, ranar da ka tashi hawa sama sai a cire kwanon a mayar da shi can saman, ba ka yi asara ba. Yayana haka ya yi ta fama shekara huɗu, bana kwalta baɗi fenti, duk gyaran gangar auzinawa, ranar da ya buga kwano ranar ya yi barci. Kuma gidan ma sai ya fi sanyi don dekin tsirara a watan Afrilu ai murhu ne.

Injiniya Kd:

Malam Baban Ummi sannu da wannan jarabawa. Kafin komai, yau ɗin nan ka kashe wutar layin ɗakin da ruwa ke fitowa ta wajen fanka, daga allon fis ɗin gidan za ka kashe ba makunnin bango kawai ba. Ruwan ya shiga bututun wayar da aka binne cikin kankare ne yana bin sa, wannan ba abin wasa ba ne musamman da yara a gida.

Kuma wannan ya kawo mu ga abu na farko. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ban da ɗakin dekin. Inda ka ga yana ɗiga a ƙasa ba lallai nan ne ya shiga a sama ba, ruwa zai iya shiga ta gindin bulon gefe ya bi ƙarƙashin fel ya samu tsaga ko bututun waya ya yi tafiyar mita biyar kafin ya fito. Shi ya sa masu faci suke ta faci daidai saitin bokiti kuma ba ya tsayawa.

Ni tun daga lissafin kayan na ga matsala. Nadin fel mita 1 ne faɗi, tsawo mita 10, wato murabba'in mita 10. Dekin ɗinka 12 sau 10, 120 ke nan. Ya sayi nadi 12, wato cif-cif kamar mai shimfiɗa darduma. To ina na haɗin baki? Kowane layi dole ya hau kan ɗan uwansa da kamar santimita 10 a gefe, 15 a ƙarshen nadi, saboda haka nadi ɗaya bai fi murabba'i 8 da rabi zuwa 9 yake rufewa ba. Sannan ina wanda zai hau jikin bulon gefe? Zagayen dekin ɗinka mita 44 ne, fel ya kamata ya hau bango aƙalla santimita 15, mu mun fi son ya kai ƙafa ɗaya, a tsaga bangon da giranda a cusa bakinsa ciki a toshe. In ka haɗa duka aikin nan bai gaza nadi 16 ba. Wanda ya yi shi da 12 ko dai ya tsuke haɗin ya koma yatsa biyu ko ya tsaya a gindin bango ya shafe sauran da kwalta, kuma daga bayaninka duka biyun ya yi.

Na biyu, ba ka ambaci faraima ba a cikin abin da ya rubuta maka. Shi ne ruwan kwaltar nan mara kauri da ake fara shafawa a bar shi ya bushe, yana kama ƙura ya shiga ƙofofin kankare don fel ya samu abin riƙewa. In babu shi fel a kan ƙura yake kwance.

Na uku kuma shi ne babba, jiƙaƙƙen kankare. Wuta saman kawai take busarwa, kaurin dekin inci shida ne ya sha ruwa daren jiya, ka zo ka rufe shi da baƙin abu a watan Mayu na Kano da zafi ke haura 40. Rana na dukan sa ruwan ciki ya zama tururi, ba hanyar fita, sai ya ɗaga fel ɗin. Ƙulu-ƙulun da kake takawa ke nan. Kullum ya kumbura da rana ya kwanta da dare har haɗin da ke kusa ya buɗe.

Amma gaskiya ko da ya yi duk wannan daidai da sauran magana, don dekin ɗinka ba rufi ba ne, daɓen bene ne, a miƙe aka zuba shi ba gangara. Rufin kankare ana son ya gangara kamar santimita 2 a kowace mita zuwa inda ruwa zai fita. Ka lissafa, ruwan sama milimita 1 a murabba'in mita 1 lita ɗaya ne, in aka yi ruwa milimita 30 wanda ba wani abin mamaki ba ne a Agusta, lita 3,600 ta sauka a kanka, jarka 144 ta 'yan garuwa. Ta ina take fita? Ka faɗa mana bututu nawa ne kuma inci nawa. Fel ko fenti an yi su ne ruwa ya wuce ta kansu, ba su zama kwatarniya ba, in ruwa ya kwana uku a kan haɗi zai samu hanya.

Sai rodin da ke tsaye. Kowane fila da rodi huɗu ko shida a waje, ruwa yana bin jikin ƙarfen ya gangara cikin kankare, kuma ba mai iya naɗe fel a jikin rodi ɗaya-ɗaya ya kama. Abin da ake yi shi ne a goge tsatsar, a shafe su da ruwan siminti, a ɗaura ɗan akwati a zuba kankare mara ƙarfi ya rufe su, ranar ci gaba a fasa. Sai fel ya hau jikin wannan kututturen kamar yadda ya hau bango. Bulon gefen ma in ramukansa a buɗe suke ta sama to ruwa na cika su ya fito ta bayan fel, dole a yi masa hula da siminti.

Amsar tambayarka, kar ka yarda a ƙara wani a kai, ruwa za ka ƙara kullewa. Fentin roban ma kar ka sa shi a kan fel da ya riga ya saki, abin da ke ƙasa in ya tashi da na saman zai tashi, kuma yawancinsu ba sa shiri da kwalta, man cikinta yana ratsowa ya ɓata su. Ɗayewa za a yi. Amma ba yanzu ba, yanzu lallaɓawa za ka yi har ruwa ya ɗauke.

Batun haɗari kuma, ka buɗe POP ɗin inda ya sakko ka haska ƙasan dekin da fitila. In fari-fari ka gani kamar kanwa, ruwa ne ke wanko sinadarin siminti, alama ce amma da sauƙi. In ka ga jan ruwan tsatsa ko tsaga doguwa a miƙe tana bin layin rodi ko kankare na ɓamɓarowa, to rodin ya fara ci, ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake ya ninka girmansa ya fasa abin da ya rufe shi. Wannan kam sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya zo ya gani da ido, balle kai da za ka ɗora bene a kai.

Baban Ummi:

Injiniya Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa. Wallahi kamar kana wurin aka yi. Na kashe wutar. Faraima kam ban ga an shafa komai ba, daga tsintsiya sai wuta. Bututu biyu ne, inci biyu-biyu, duk a gefen gabas, kuma da na duba ɗazu ɗaya ma ya fi daɓen tudu da kamar yatsa uku, ɗayan kuma ledar fiya wata da ganyen darbejiyar maƙwabci sun toshe shi, na zaro su da waya ruwa ya yi ta zuba kusan minti ashirin. Ƙasan dekin ɗin farin ne na gani ba ja ba Alhamdulillah, sai dai wata siririyar tsaga kamar gashi daga kusurwa. To meye lallaɓawar da zan yi kafin rani? Kuma shawarar Ɗan Birni ta kwano fa ya ka gani?

Mai Fel:

Salam. Ni sana'ata ce wannan shekara goma sha, bari in faɗi tawa ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba.

Aikin da aka yi wa Alhaji aikin banza ne ba na kare shi, duk wanda ya ce wuta za ta busar da dekin ko bai iya ba ko sauri yake ya karɓi kuɗi. Amma ku ma masu gida kuna da naku. Mutum ba zai neme ka ba tun Disamba har Afrilu, sai hadari ya haɗu ya ga walƙiya sannan ya kira ka yana so a gama jibi. Ka rubuta masa gaskiya, a yi sikiridin, wato daɓen siminti da yashi a kan dekin, a fitar da gangara, a jira sati uku ko huɗu ya bushe, faraima, fel mai milimita 4, sai ya ce kai ka cika tsada akwai yaron da zai yi rabin haka. To yaron nan ba daga aljihunsa zai cika ba, daga kayan zai cire. Araha dai ba ta ado.

Fel ɗin ma kala-kala ne. In ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Dei-Dei a Abuja za ka ga mai milimita 3 da mai 4, akwai kuma wanda an rubuta 3 a leda amma in ka riƙe ka san bai kai ba, ka ɗaga nadin ka ji nauyi, mai 4 na kirki mutum ɗaya da ƙyar yake saɓa shi. Ka nemi mai zaren foliyesta a ciki, ka yanki ɗan gefe ka ja, in ya yage kamar takarda ka bar shi. Don zafinmu na Arewa wanda aka rubuta APP ya fi jure rana. In ba za a rufe shi da komai ba a sayi mai ƙananan duwatsu a sama ko a shafa masa fentin alminiyam, don baƙi tsirara rana na cinye shi ya bushe ya yi tsaga kamar fatar kada.

Wurin ƙonawa kuma nan ake gane hannu. In wuta ta yi kaɗan bai kama ba, in ta yi yawa ka ƙone zaren ciki ya zama ba ƙarfi. Alamar daidai ita ce ka ga kwalta ta ɗan tsattsafo a bakin haɗi kamar igiya siririya tun daga farko har ƙarshe, sai a bi da cokali mai zafi a danne. Kuma daga ƙasan gangara ake farawa a hau sama don bakin haɗi ya kalli inda ruwa ke tafiya. Kusurwar da daɓe ya haɗu da bango ba a barin ta a tsaye, ana cika ta da siminti ta ɗan kwanta don fel ba ya son lanƙwasa mai kaifi, nan yake fara karyewa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ka gama aiki lafiya ka tafi, bayan wata biyu mai dish ya hau ya huda da dirilla, mai sola ya zo ya kafa ƙarafansa ya huda goma sha biyu, falamba ya ja ƙafar tanki a kai, tankin lita dubu fa tan ɗaya ne a kan ƙafa huɗu masu kaifi, sai damina ta zo a ce mai fel ya cuce mu. Alhaji in akwai irin waɗannan a samanka ka duba gindinsu tukuna. Sola da tanki a zuba musu dutsen kankare su zauna a kai, ba a huda ba.

Lallaɓawa kafin rani: ranar da aka samu rana biyu a jere a tsaga kowane kumburi gicciye da wuƙa, a buɗe kunnuwan huɗu a tsane ruwan a bar shi ya sha rana, a mayar a ƙona, a ɗora faci da ya wuce tsagar da tafin hannu ta ko'ina. Bututun da ya yi tudu a fasa a sauke shi. Kuma duk bayan ruwa a tura yaro da tsintsiya. Zai rage amma kar ka sa rai zai tsaya.

Maman Biyu:

Sannu Baban Ummi, Allah ya ba uwargida haƙuri don ita ce da wahalar shanya. Ni nawa baranda ce a Abuja ba rufi ba amma ina ga darasin ɗaya ne, kuma akan fentin roban nan da aka ce maka nake so in yi magana.

Barandar ɗakina ta sama tana kan ɗakin baƙi, tayil ne a kai, muka ga silin ƙasa na baƙi. Aka kawo wani ya ce layin tayil ne, ya bi ya cike da farin siminti, bai yi ba. Na biyu ya zo da bokitin fentin hana ruwa ya shafa a kan tayil ɗin kai tsaye, tayil mai santsi fa, kuma ina tsaye ya tsinka shi da ruwa wai don ya isa, shafa ɗaya ya yi. Wata biyu ina shara sai ga shi yana naɗowa a bakin tsintsiya kamar fatar maciji. Na ukun ne Allah ya haɗa mu da mai tsoron Allah, ya ce Hajiya tayil ado ne ba ya hana ruwa, ruwan yana ƙarƙashinsa kwance a cikin yashin da aka ɗora shi a kai. Da aka ɗaga kuwa yashin jagab har da wari, ashe ma barandar ciki ta gangaro wajen ƙofar ɗaki maimakon waje.

Ya kwashe komai, ya gyara gangarar, ya jira, sannan ya sa irin mai haɗi biyun nan, gari a buhu da ruwa kamar madara a jarka, kamfanin Sika na yi, Dr. Fixit ma na yi. Shafa biyu, ta farko a tsaye ta biyu a kwance bayan ta farkon ta kama, ya sa wani raga-raga a kusurwoyi da bakin bututu, ya haura da shi bango da ƙarƙashin dokin ƙofa. Abin da ya burge ni da kansa ya toshe bututun ya cika barandar da ruwa ya zana alama da fensir a bango ya ce kar a taɓa sai jibi. Sai da muka ga ƙasa a bushe sannan ya sa tayil da gam. Damina biyu ke nan shiru.

Don haka fentin ba ƙarya ba ne, amma yana da kaurin da aka rubuta a jikin bokiti, kilo kaza a murabba'i kaza, ka karanta da kanka ka ƙirga bokitin da ya kamata ya ƙare, in ya rage to ba a sa daidai ba. Kuma kar ka cika kuɗi sai an yi gwajin ruwan nan a gabanka.

Dattijo:

Ina karanta ku ina murmushi. Mu a soro muka tashi a cikin birni, rufin ƙasa a kan azara, kuma shi ma a shimfiɗe yake kamar dekin ɗinku. Amma ban taɓa ganin magini ya gama rufi bai fitar da gangara zuwa indararo ba, kuma indararon dogo ne yana watsa ruwa nesa da bango. Ana shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa, masu hali su sa laso, katsi daga marina da gashin jima da dafara. Duk da haka ba wanda ke cewa an gama, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba an yi yaɓe, in an yi ruwan farko maigida da kansa zai hau ya ga inda ya kwanta ya cike. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina da ƙasa ai ya haura shekara ɗari yana ɗaukar damina kafin a yi masa rumfar zamani.

Yanzu an samu siminti sai aka ɗauka dutse ne, mutum ya shekara uku bai taka saman gidansa ba. Ɗana Baban Ummi, leda da ganyen da ka zaro yau tun yaushe suke ciki? Ban ce mai aikin bai cuce ka ba. Ka samu wanda ya haɗa ku da wani babba a cikin masu sana'ar a zauna, ko rabin kuɗin aikin hannu ya dawo da shi ko ya zo ya ɗaye da kansa kyauta, amma sabon aikin kam kar ka ba shi.

Injiniya Kd:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Oga Mai Fel ma lallaɓawar da ya faɗa ita ce, abin da zan ƙara kawai gobe in an yi ruwa ka hau da alli ka zagaye duk inda ya kwanta ka ɗauki hoto, wannan taswirar za ta yi wa mai sikiridin amfani.

Batun kwano, ya danganta da yaushe za ka hau sama. In ka san nan da shekara biyu zuwa uku ne, ni ma kwanon zan ce, don sikiridin mai gangara nauyi ne, kaurin santimita 5 kawai ya haura kilo 100 a kowane murabba'i, kuma ranar da za a yi ɗakuna sai an fasa shi an daidaita, kuɗi biyu ke nan. Sai dai a ɗaure katakon da kyau a jikin kankare saboda iskar farkon damina, kuma a ɗaye fel ɗin duk da haka don dekin ya yi numfashi. In kuma ka san gaskiya benen sai dai 'ya'ya, ko kuna amfani da saman wajen shanya da shan iska, to a yi aikin sosai daga Nuwamba: a ɗaye, a kankare kwaltar, a buɗe tsagar nan a cika ta da abin toshiya mai talewa ba siminti zalla ba don dekin motsi yake, mita 10 na kankare in zafi ya canza da digiri 30 yana miƙewa kusan milimita 3, siminti zalla sake tsagewa zai yi. Bututu a mayar inci huɗu, aƙalla uku ko huɗu, da raga a baki.

Kafin a shafa faraima ga gwaji na kyauta, ka yanki leda mai kauri kamar ƙafa ɗaya da rabi kowane gefe ka manne bakinta duka da salatif a kan daɓen, ka bar ta ta kwana, in da safe ka ga gumi a ciki ko wurin ya yi duhu to bai bushe ba, ko wa ya ce maka ya bushe. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, a share a shafa a ranar. Gwajin ruwa santimita 5 na kwana ɗaya zuwa biyu, na san lita 6,000 ce a dekin ɗinka kuma ruwa a Kano kuɗi ne, sai a raba shi gida-gida da bulo da leda ana tura ruwan daga wannan zuwa wancan. Ku rubuta a takarda da shaidu, kashi 10 na kuɗin yana hannunka sai bayan Agusta mai zuwa.

Baban Ummi:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na karɓi faɗan, kafin hawan da na yi kwanan nan rabona da saman tun ranar da na biya mutumin.

Ga inda aka kwana. Shekaranjiya mun hau da wani birkila, muka fasa bututun da ya yi tudu muka sauke shi, muka ƙara huda ɗaya ta yamma inda allin ya nuna ruwa ya fi taruwa. Da muka tsaga kumburi na farko ruwan da ya fito da ɗumi kamar na wanka, ƙasan kuma fari tas ba alamar an shafa komai, fel ɗin da hannu na ɗaga shi kusan mita ɗaya ba tare da ya riƙe ba. Oga Mai Fel ka yi gaskiya kai ma, ƙafar dish tana nan da kusoshi huɗu daidai saitin falo, ƙanina ne ya kawo mai sawa a watan Yuni ina tafiya. Jiya an yi ruwa da daddare, falo bai ɗiga ba, ɗakin uwargida ya ɗiga amma bai kai rabin bokiti ba, da kuwa sai an zubar sau biyu kafin asuba.

Mun zauna da mutumin a gaban wanda ya haɗa mu, na karanta masa lissafin nadi 16 ɗin nan daga wayata, ya yi shiru can ya ce ai ni na ce a rage kuɗi, wanda kuma gaskiya na faɗa. An tsaya zai zo da yaransa ya ɗaye kyauta in ruwa ya ɗauke. Ni da uwargida mun fi karkata ga kwanon don ita ta ce ba ta ƙara yarda da abin da ba ta ji ƙarar ruwa a kansa. Injiniya tambaya ɗaya ta rage, in za a buga kwanon, rodin fila-filan nan a lanƙwasa su ne ko a bar su su huda ta cikin rufin? Don kafintan da ya zo aunawa yau cewa ya yi a yanke su kawai, ni kuma na ce ya dakata tukuna.